Dan Allah malaman lissafi ku raba mu: 0.105 ne ko 0.06?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah malaman lissafi ku taimaka kafin yara su fasa min kai. Ilham aka ba aikin gida, aji biyar take a nan Amurka, tambayar a kan sulallansu ce. Wai an jera sulen santi 5, wanda suke ce wa nikel, guda 40 ɗaya bisa ɗaya, tsayin jerin ya kai santimita 7.8. An kuma jera sulen santi 10, wato dayim, guda 50, shi kuma tsayinsa santimita 6.75. Da nawa nikel ɗaya ya fi dayim ɗaya kauri? Ita ta samu 0.105, yayanta ya samu 0.06, kowa ya kafe a kan nasa, babansu ya ce shi a ƙyale shi daga aiki yake. Ni kuwa rabona da lissafi tun WAEC.

Bash: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai wannan ba sai an taso malamai ba. 7.8 a cire 6.75 saura 1.05. Bambancin yawan sulallan 50 a cire 40 saura 10. Sai a raba 1.05 gida 10, ya ba da 0.105. Ilham ce da gaskiya, a saya mata alawa.

Ummu Hanif: Ni 1.15 na samu a cirewar ma, ta ina kuka samo 1.05?

Malama Rabi: Ummu Hanif ki sa sifili a bayan 8 ɗin ya zama 7.80 sannan ki jera ɗigo a ƙarƙashin ɗigo. Sifili ba zai iya cire 5 ba sai ya ara a wurin 8, ya zama 10 a cire 5 saura 5, 8 ɗin ya koma 7, a cire 7 saura sifili, 7 a cire 6 saura 1. Shi ne 1.05. Abin da kika yi shi ne kin sauko da 5 ɗin nan haka kawai tunda ba ki ga komai a samansa ba, kuma wallahi rabin ajina haka suke yi duk shekara.

Ummu Hanif: Toh Malama na gani, Allah ya saka

Malam Habu Lissafi: Salam. Hajiya kar a sayi alawar tukuna, in za a saya yayan za a ba. Amsa 0.06 ce. Tambayar ba ta ce wane jeri ya fi tsayi ba, cewa ta yi sule ɗaya da sule ɗaya, don haka dole sai ka fara sanin kaurin kowanne shi kaɗai sannan ka kwatanta. 7.8 a raba gida 40 zai ba ka 0.195, kaurin nikel ɗaya kenan. 6.75 a raba gida 50 zai ba ka 0.135, na dayim. Yanzu sai cirewa, 0.195 a cire 0.135 saura 0.060, wato santimita 0.06, in ka mayar da shi milimita 0.6. Rabawa farko, cirewa daga baya.

Bash: Allah ya gafarta Malam, ni ban ga inda aka rubuta dole sai an fara rabawa ba. Lissafi ai hanyoyi ne da yawa, duk ta inda ka bi gida za ka je.

Malam Habu Lissafi: In hanyoyin duk gida suke zuwa me ya sa kai ka sauka a 0.105 ni na sauka a 0.06?

Bash: Shi ne ai ake muhawara a kai, wa ya ce naka ne gidan

Malama Rabi: Bash bari in cire maka ɗigon gaba ɗaya ko ka huta. Mota biyu suka tashi daga tasha, ɗaya fasinja 40 direba ya tara naira 7,800, ɗaya fasinja 50 direba ya tara naira 6,750. Nawa fasinjan motar farko ya biya? 195. Na ta biyu fa? 135. Da nawa na farko ya fi biya? Naira 60. Yanzu je ka ce wa ɗan kamasho ya cire 6,750 daga 7,800 ya raba gida 10 wai bambancin kuɗin mota 105 ne, ka ga irin kallon da zai maka.

Abban Sadiq: Hhhhh Malama kin gama da shi

Bash: Ba ta gama da kowa ba, mota daban sule daban

Malam Habu Lissafi: Ka tsaya ka ji, hanyar taka ba wai shirme ce zalla ba, akwai tambayar da take amsawa, amma ba wannan ba. A ce duka jerin biyu dayim ne, ɗaya guda 50 tsayinsa 6.75, ɗaya guda 40 tsayinsa 5.4. Ka cire, saura 1.35. Wannan 1.35 ɗin tsayin sulalla goman da suka yi rara ne, ka raba gida 10 ka samu 0.135, kaurin dayim ɗaya cif. Ka ga a nan ta yi aiki saboda sule iri ɗaya ne, kuma abin da ta fitar kaurin sule ne ba bambancin kauri ba. Amma a tambayar Hajiya jerin da ya fi tsayi shi ne ma mai ƙarancin sulalla, to goman nan da ka raba da ita tana wakiltar me? Ba ta wakiltar komai. Kuma ka gwada wannan, da a ce nikel 50 aka ba ka da dayim 50, bambancin yawansu sifili ne, da sifili za ka raba?

Bash: Wannan kuma Malam ka canja tambaya

Maman Ilham: Malam Habu na gode, amma ita matsalarta rabawar ce take tsoro, ta ce 40 ba zai shiga cikin 7.8 ba kuma malamarsu ta hana kalkuleta, shi ya sa ta gudu ta bi ta cirewa. Akwai hanya mai sauƙi da zan nuna mata? Dan Allah a yi min dalla-dalla kamar ni ce yar ajin.

Malam Habu Lissafi: Akwai Hajiya. 40 ai 10 sau 4 ne, to ta raba sau biyu. Ta fara raba 7.8 gida 10, wannan matsar da ɗigo ne kawai taki ɗaya zuwa hagu, ya zama 0.78. Sai ta raba 0.78 gida 4. 4 cikin 7 sau 1 saura 3, a haɗa da 8 ya zama 38, 4 cikin 38 sau 9 saura 2, ta ƙara sifili ya zama 20, 4 cikin 20 sau 5. Ta samu 0.195. Na biyun ya ma fi sauƙi, duk abin da za a raba gida 50 ka ninka shi biyu ka raba gida 100. 6.75 sau 2 shi ne 13.5, a matsar da ɗigo taki biyu, 0.135. In kuma ɗigon ne yake firgita ta, tun farko ta mayar da komai milimita, 78 da 67.5, za ta samu 1.95 da 1.35, saura 0.6. Sai dai ta kula ta rubuta ma'aunin a jikin amsar, don 0.6 ba tare da an ce milimita ba malamar za ta iya kashewa tunda da santimita aka yi tambayar.

Malama Rabi: Kuma ki koya mata ta riƙa kintata amsa kafin ta fara. 7.8 kusan 8 ne, 8 gida 40 shi ne 0.2, to in ta ga amsarta ta fito 1.95 ko 0.0195 a santimita ta san ɗigo ya zame. Yaro ya tambayi kansa, akwai sulen da kaurinsa ya kusa santimita biyu? Wannan ai ya zama murfin kwalba biyu.

Mushe Issoufou: Salamu alaikum yan uwa, daga Maraɗi. Ina biye da ku tun ɗazu amma misalin Malama Rabi ya so shi rikita ni, da na ga naira 7,800 sai na karanta bakwai da ɗan kai, na ce wace mota ce wannan mai arha haka. Mu nan lakwal tsarin Faransa muke bi, waƙafi muke sawa inda kuke sa ɗigo, wato 0,195 da 0,135, dubbai kuma fili muke bari tsakani, 7 800. Ɗiyanmu da ke zuwa karatu Katsina ko Kano suna shan wahalar wannan a farko. Amma amsa ɗaya ce, 0,06.

Abban Sadiq: Ikon Allah, ashe har ɗigo yana da boda

Mushe Issoufou: Yana da ita mana. Kuma mu mun fi ku sa'a wajen wannan darasi tunda har yau sulalla na yawo hannun mutane, na dala biyar (dalarmu ta nan, wato sefa 5), na dala goma, na dala ashirin, har na dala arba'in da na dala ɗari masu ƙarfe kala biyu da aka fiddo a 2003. In zan koyar da shi sai in ce kowane yaro shi zo da abin da ke aljihunshi, mu tara bisa tebur, mu ware iri-iri, mu jera, su auna da rula da hannunsu. Yaron da ya jera da kanshi ya ƙirga da kanshi ba ya mantawa da abin da zai raba da shi.

Malama Rabi: Mushe mu a ina za mu samo? Tun na 2007 ɗin nan, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ko mai rake ba ya karɓa, yaran ajina akwai waɗanda ba su taɓa riƙe sule a hannu ba. Ni da rim ɗin takarda nake yi. Rim ɗaya na A4 takarda 500 ne, in ka auna kaurinsa za ka samu wajen santimita 5, ka raba gida 500 ya ba ka 0.01, wato takarda ɗaya wajen milimita 0.1. Sai in kawo kwali mu jera 20 mu auna mu raba, sannan su cire su ga bambanci. Ranar da na fara yi wani yaro ya ɗora takarda ɗaya a kan rula yana ƙifta ido wai yana neman kaurinta, na bar shi ya gaji don kansa sannan na miƙa masa rim ɗin.

Usta Ɗanladi Panteka: Ni duk wannan wahalar ban gane mata ba. Ku kawo sulen nan shago in sa masa kalifa, abin da muke auna kaurin ƙarfe da shi, minti ɗaya na gaya muku kaurinsa. Mu da muke yanka ƙarfe kullum wa yake da lokacin jera abu 50 yana rabawa

Malam Habu Lissafi: Usta kai kana da kalifa, yar aji biyar rula gare ta. Kuma dalilin jerawar kenan tun asali. Rula ƙaramin zanenta milimita ɗaya ne, in ka ɗora dayim ɗaya za ka ga ya wuce zane ɗaya bai kai biyu ba, shikenan abin da ido zai gaya maka. In ka yi kuskuren rabin milimita a kan abin da duka-duka 1.35 ne ka ɓatar da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Amma in ka jera 50 ka yi wannan kuskuren na rabin milimita, da ka raba gida 50 shi ma kuskuren ya rabu, ya koma 0.01 a kan kowane sule. Wato rular naira ɗari biyu ta yi maka aikin da sai maikuromita, na'urar auna ƙaramin kauri, take yi. Wannan shi ne abin da nake so yara su kama, ba haddar a raba sannan a cire ba.

Usta Ɗanladi Panteka: To wannan magana ce. Amma bari in ƙara muku wani abu da takarda ba za ta gaya muku ba. Sule ba shafaffe ba ne, ku shafa da yatsa za ku ji bakinsa ya ɗan taso ya fi tsakiya, an yi haka ne don hoton kar ya goge da wuri kuma su zauna daidai in an jera. To in kun jera, baki ne yake hawa kan baki, kaurin bakin kuke aunawa. In na matse tsakiya da maikuromita abin da zan samu bai kai haka ba, kuma ya danganta da inda na matsa, kan hoton ko gefensa. Sannan tsohon sule da ya sha hannu ya sha aljihu ya fi sabo siranta, wani kuma datti ya kama shi ko ya ɗan lanƙwashe sai ya ɗaga jerin. Don haka in Hajiya ta auna na gidanta ta ga bai zo daidai da na littafi ba kar ta ce malamar ta yi ƙarya.

Malam Habu Lissafi: Wannan gaskiya ne Usta, abin da rabawa take ba ka matsakaicin kauri ne na waɗanda ka jera, ba wai kowanne haka yake cif ba.

Bash: Kun gani ko, ashe ma duk kintace ne, to nawa ma kintace ne a bar kowa da nasa

Malama Rabi: Bash kai dai Allah ya shirye ka. Kintacen da ya kauce da 0.01 daban, wanda ya kusa ninka amsa biyu daban.

Maman Ilham: Jama'a na zazzage gwangwanin canjin da muke tarawa na wanki, ban samu 40 da 50 ba amma na samu goma-goma. Na jera su a kan teburin kicin na matse da katin banki a sama don ya kwanta, Ilham ta tsuguna ta karanta rular. Nikel goma sun wuce milimita 19 ba su kai 20 ba, dayim goma 13 da kusan rabi. Da ido ma ana ganin tazarar, kamar a ƙara dayim huɗu da ɗan wani abu su yi kai ɗaya. Ta ce bambancin 6 ne, ta raba gida 10 da kanta ta ce 0.6, yanzu ta tafi tana goge 0.105 ɗin tana ƙunƙuni.

Bash: Tsaya tsaya Hajiya. Me ta fara yi? Cirewa ta fara sannan ta raba! Jama'a ku shaida, hanyata ce wannan, Malam Habu ina kake

Malam Habu Lissafi: Ina nan. Goma da goma ta jera, yawansu ɗaya, kuma da goman ta raba, ba da bambancin yawansu ba. In yawan ya zo ɗaya ka cire farko ka raba daga baya babu laifi, amsa ɗaya za ta fito. Kai ma in kana son taka ta yi aiki a tambayar farko sai ka daidaita yawan tukuna. 40 da 50 suna haɗuwa a 200. Nikel 200 shi ne 7.8 sau 5, wato 39. Dayim 200 shi ne 6.75 sau 4, wato 27. Yanzu cire, saura 12. Raba 12 gida 200.

Bash: 0.06

Bash: To ai ka ga cirewa aka fara kafin rabawa, abin da nake faɗa tun ɗazu kenan

Abban Sadiq: Wallahi Bash da lauya ka zama da ba a taɓa ɗaure maka mutum ba

Ummu Hanif: Ni tambayata daban ce. Me ya sa na santi 5 ya fi na santi 10 kauri? Ba kamata ya yi mai daraja ya fi girma ba?

Dakta Zee: Ummu Hanif tarihi ne ya jawo. Da can dayim da azurfa ake yin sa, to azurfar santi goma ba ta da yawa, dole ya fito ƙarami siriri. A 1965 suka daina sa azurfa a ciki amma suka bar girman yadda yake saboda injinan da ake jefa sule. Shi kuwa nikel da ma ba azurfa ba ne, jan ƙarfe ne kashi 75 da ƙarfen nikel kashi 25, nauyinsa giram 5 cif, dayim kuwa giram 2.268. Ko feninsu na santi 1 ya fi dayim kauri, 1.52 ne, na santi 25 kuma 1.75, ka ga shi ma nikel ya fi shi da 0.2. Lambobin da aka ba Ilham ba ƙirƙira ba ce, 1.95 da 1.35 su ne ainihin ma'aunin da gidan buga kuɗinsu ya fitar, kuma 40 da 50 ɗin haka banki yake naɗe su a takarda, naɗin nikel dala 2, na dayim dala 5.

Yusuf Hambug: Haka yake a yuro ma. Santi 50 kaurinsa 2.38, yuro 1 kuma 2.33, yuro 2 da ya fi su duka daraja 2.20. Na santi 1 da 2 da 5 kuwa duk kauri ɗaya ne 1.67, faɗi ne ya bambanta su. Ga tambaya ga yan aji, da nawa santi 50 ya fi yuro 2 kauri?

Ummu Hanif: 0.18, wannan karon na jera ɗigo

Dakta Zee: Mu nan Ingila abin da ya fi ban sha'awa sule iri ɗaya ne ma kauri biyu. Feni 1 na da tagulla ne kaurinsa 1.52, daga 1992 suka koma yin sa da baƙin ƙarfe a shafe shi da jan ƙarfe a sama, sai ya zama 1.65. Dalili shi ne baƙin ƙarfe bai kai tagulla nauyi ba, su kuma suna so faɗi da nauyi su tsaya yadda suke, giram 3.56, to babu inda za a ƙara sai kauri. Haka suka sake yi wa feni 5 da feni 10 a 2012, na 5 ya tashi daga 1.7 zuwa 1.89, na 10 daga 1.85 zuwa 2.05, sai da aka bi injinan biyan kuɗin fakin da na sayar da lemo ana gyara su. In kika sa maganaɗisu sabon zai manne tsohon ba zai manne ba. To a nan in yaro ya kwaso feni 1 guda 50 a gwangwani ya jera ya raba, abin da zai samu yana tsakanin 1.52 da 1.65, ba na tsoho ba ba na sabo ba, sai ya ware su tukuna.

Malam Habu Lissafi: Dakta kin ba ni tambayar jarrabawa kyauta. Ga kuma wani wurin da yara suke faɗawa, da nawa ya fi daban, sau nawa ya fi daban. 1.89 a cire 1.7 saura 0.19, wannan cirewa ce. In kana son sanin kashi nawa ya ƙaru sai ka raba 0.19 da 1.7, ya ba ka wajen 0.11, kashi 11 cikin ɗari. A na Hajiya ma da cewa aka yi sau nawa nikel ya ninka dayim, rabawa za a sake yi, 1.95 a raba da 1.35, wajen 1.44. Yaro ya karanta tambaya sau biyu kafin ya taɓa biro.

Malama Rabi: Kuma ka lura da 1.7 da 1.65 in ka ba su. Za ka samu masu cewa 1.65 ya fi girma wai 65 ya fi 7. Maganinsu sifilin nan dai, 1.70, sai ka ga sun yi shiru.

Baba Alhaji: Assalamu alaikum ya'yana, jikana ne yake rubuta min. Na ji ana karanta min muhawararku ina dariya. Mu lokacin kwabo mai huji, kafin naira ta zo a 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. In mahaifinmu ya tashi ƙirga cinikin rana ba ya ƙirga kwabo ɗaya-ɗaya, guda 12 zai ƙirga ya jera, sauran sai ya yi ta jerawa a gefensa yana shafa tafin hannu a sama, duk wanda ya yi kai ɗaya da na farko sule ne. Amma ba ya taɓa haɗa kwabo da sisi ko taro a jeri ɗaya, kuma in jeri ya ɗan gaza ba ya yarda sai ya ƙirga shi da hannu, don akwai kwabon da ya sha duniya ya siɗe. Bai yi boko ba ko na rana ɗaya.

Malam Habu Lissafi: Allah ya ƙara lafiya Baba, Allah ya ji ƙan mahaifi. Ai shi ne darasin gaba ɗaya, tsayi ɗaya yana nufin yawa ɗaya ne kawai in kaurin ɗaya ne.

Dakta Zee: Allah ya ja kwana Baba. Da dabarar nan aka kawo nan a 2017 da an tafka asara, don a shekarar aka canja sulen fam 1, tsohon mai da'ira kaurinsa 3.15, sabon mai kusurwa 12 kuma 2.8, kuma sun yi wata shida da ɗoriya suna yawo tare kafin a daina karɓar tsohon a watan Oktoba. Ku ninka ku gani, tsoho guda 8 milimita 25.2, sabo guda 9 shi ma 25.2. Kai ɗaya cif, amma ɗaya fam 8 ɗaya fam 9.

Usta Ɗanladi Panteka: Kai! Mai shago ya shafa hannu ya yi kyautar fam guda

Abban Sadiq: Bambancin nasu 0.35 ne ko? 3.15 a cire 2.80

Dakta Zee: Haka ne. Kuma ka raba 2.8 da 0.35 ɗin ka ga abin da zai fito, 8. Wato kowane tsoho yana rarar 0.35, in rarar ta taru sau 8 ta haifi sabon sule guda.

Malam Habu Lissafi: To ga na tafiya barci, kar wanda ya taɓa kalkuleta. Nikel nawa da dayim nawa za a jera su yi kai ɗaya cif, mafi ƙarancin adadi? Malama Rabi da Dakta da Mushe ku yi shiru dan Allah.

Ummu Hanif: 10 da 14?

Malam Habu Lissafi: Ninka ki gani, 19.5 da 18.9, da saura.

Abban Sadiq: 7 da 10 sun kusa, 13.65 da 13.5

Malam Habu Lissafi: Kusa ba cif ba ne Abban Sadiq.

Bash: 9 da 13. Na cire ɗigon suka zama 195 da 135, na raba kowanne gida 15 suka koma 13 da 9, sai na musanya su, mai kauri ya ɗauki ƙaramin adadi. 1.95 sau 9 shi ne 17.55, 1.35 sau 13 shi ma 17.55. Hajiya in gwangwanin nan zai ba da dayim 13 a jera a turo mana hoto.

Maman Ilham: 12 gare ni, sai gobe in na karɓo canji.